Cutar Ƙunar Shinkafa: Suna Ɗaya, Zuriya Dabam Dabam

In kaka ta gabato ba a rasa jin wata irin ƙara a kasuwannin shinkafa, ko a Argungu, ko a Kura, ko a Bida. Manomi ya kan zo wurin mai sayar da iri ransa a ɓace, ya ce, "Alhaji, ka cuce ni. Bara waccan ka ba ni iri, ka ce cuta ba ta kama shi, na shuka na ga gaskiya. Bara ma haka. Bana na komo na sayi irin nan dai, ga gonata can ta yi fari fat, sai ka ce an yi gobara." Mai iri kuwa sai ya dafa ƙirji ya yi ta rantsuwa, ya ce buhun bana da na bara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

To, wa ke da gaskiya? Ba a musun akwai masu algus a cikin 'yan kasuwa. Amma sau da yawa su biyun duk gaskiya su ke faɗi. Irin yana nan yadda ya ke, cutar ce ta sāke kama. Wannan al'amari ya daɗe yana ɗaure wa manoma kai, har da masanan kansu, sai a 'yan shekarun nan aka gano bakin zaren.

YADDA A KE GANE TA

Cutar da a ke magana ita ce ƙunar shinkafa, wadda Turawa ke kira bilas. Tana farawa a ganye da ɗan ɗigo, sa'an nan ɗigon ya yi tsawo, tsakiyarsa mai faɗi, bakinsa biyu masu tsini, kamar ƙwayar ido. Cikinsa toka-toka ne, gefensa kuwa ja-ja mai duhu. In ɗigon ya yi yawa sai su haɗe, ganyen ya bushe kamar an babbake shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar sai lokacin da shinkafa ta fid da kai. Cutar ta kan kama wuyan zangarniya, wurin ya yi baƙi ya ruɓe, abinci ya kāsa hawa sama. Sai zangarniya ta yi fari, ba kome a ciki sai ƙaiƙayi, ko kuwa wuyan ya karye ta rataya. Tsutsar kara ma tana sa farin kai, amma rarrabe su ba wuya. In tsutsa ce, da an ja zangarniya sai ta zare salin alin, a ga inda aka ci ta daga ciki. In ƙuna ce ba ta zarewa, baƙin tabon kuwa yana nan a wuya.

Abin da ke kawo ta wata irin fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, iska kuwa ke yawo da su. In ɗaya ya sauka a ganyen da ke da raɓa, sai ya tsira, ya yi wani ɗan ƙulli ya manne, ya tara ƙarfi a cikin ƙullin har ya kai kamar ninki 40 na iskar da ke cikin tayar mota. Da wannan ƙarfi ya ke huda ganye ya shiga. Bayan kwana huɗu ko biyar tabo ya bayyana, kafin mako ya zagayo tabon nan ya soma zubo 'ya'ya dubbai kowane dare. Ta fi son dare mai sanyi-sanyi da raɓa mai daɗewa, da gonar da aka cika wa takin yuriya, da shinkafar tudu wadda ƙishirwa ta taɓa.

TSOHUWAR ABOKIYAR GABA

Ba baƙuwa ba ce a duniya. Tun cikin 1637 wani malami na ƙasar Sin, Song Yingxing, ya ba da labarinta a littafinsa na sana'o'i, ya kira ta zazzaɓin shinkafa. A Japan an rubuta labarinta a 1704. A 1892 wani masani na Italiya mai suna Cavara ya raɗa wa fumfunar sunan da a ke kiranta da shi a littattafai, watau Pyricularia oryzae. An same ta a ƙasashe fiye da 80, kusan duk inda a ke noman shinkafa ke nan. Masana sun kimanta shinkafar da ta ke hallakawa kowace shekara ta isa ta ciyad da mutum miliyan 60.

A 1922 wani masani a Japan, Sasaki, ya lura da wani abin mamaki. Fumfunar da aka ɗebo daga wani wuri ta kan kama wata shinkafa ta ƙyale wata, wadda aka ɗebo daga wani wurin kuwa ta yi akasin haka. A madubi kamarsu ɗaya, amma halinsu dabam. Ashe ba abu guda ba ce.

Domin a san yawan salonta, cikin shekarun 1960 masanan Amurka da na Japan suka haɗa kai suka zaɓi shinkafa iri 8 su zama ma'auni. Duk fumfunar da aka samo sai a watsa wa takwas ɗin nan, a rubuta wadda ta kamu da wadda ta tsira. Akawu mai son lissafi zai ga amsa iri 256 ke iya fitowa daga wannan gwaji. Aka yi ta gwadawa a ƙasa ƙasa, kullum sabon salo na ɓullowa, har gardama ta tashi tsakanin masana. Waɗansu suka ce fumfunar nan ba ta da tsayayyen hali, ko daga tabo guda a kan sami salo da yawa. Waɗansu suka ce a'a, tana da tsari, gwajin ne ke da gyara.

SARKIN ƘOFA DA ƁARAWO

Kafin a fahimci wannan gardama sai an san yadda shinkafa ke kāre kanta. Wani Ba'amurke, Flor, shi ya gano ƙa'idar cikin shekarun 1940, sa'ad da ya ke binciken tsatsar wani tsiro da a ke saƙa da zarensa. Kowane mai rai yana da ƙwayoyin gado, su ne ke sa ɗa ya ɗauko kamar ubansa. A cikin na shinkafa akwai waɗanda aikinsu tsaro ne, kamar sarkin ƙofa a garin da ke da ganuwa. Sai dai kowane sarkin ƙofa alama guda tak ya sani a jikin ɓarawo. A ce wannan an gaya masa ɓarawo yana da jar hula. Da ya hango jar hula sai ya yi kururuwa a rufe ƙofa, watau ɗan wurin da fumfuna ta shiga ya mutu nan take, ita ma ta mutu tare da shi, sauran ganye ya tsira.

To, yaya ke nan ran da ɓarawo ya zo ba hula? Sai ya wuce ta gaban sarkin ƙofa, har su gaisa. Haka fumfunar nan ke yi. Alamun da shinkafa ke gane ta da su, su ma ƙwayoyin gado ne, da yawansu kuwa suna zaune a wuraren da zaren gadonta ba shi da ƙwari, inda ya kan tsinke ko ya sāke ƙulli. A cikin 'ya'ya miliyan bisa miliyan da gona guda ke zubarwa, ba a rasa ɗaya da ya fito babu hular. Ba dabara ya yi ba, haka aka haife shi.

A nan ne hannun mutum ke shigowa. In duk fadama iri guda aka shuka, mai sarkin ƙofa guda, to masu jar hula duka sun mutu, marar hula kaɗai ya sami abinci, ba mai yi masa kishiya. Shekarar fari ba wanda zai lura da shi. Ta biyu a ga ɗan tabo nan da can. Ta uku ko ta huɗu jikokinsa sun cika fadama, sai a ce iri ya lalace, alhali kuwa bai sāke ko ƙwaya ba.

ABIN DA YA SAMI JAPAN DA KORIYA

Wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon shekarun 1960 aka fito da wata shinkafa a Japan mai suna Kusabue, wadda aka sa mata tsaro daga wata shinkafar ƙasar Sin. Manoma suka yi murna, suka rungume ta. Cikin 'yan shekaru kaɗan cutar ta gano kanta, ta yi mata kamun da ya fi na tsofaffin irin da aka yar dominta.

Na Koriya ta Kudu ya fi wannan zafi. A 1972 aka soma raba wa manoma wata shinkafa mai yawan albarka, Tongil. Hukuma ta tsaya a kanta tsayin daka, har ƙasar ta kai ga ciyad da kanta, ita da 'yan'uwanta suka mamaye fiye da rabin gonakin shinkafa. A 1978 sabon salon ƙuna ya auka musu, ya karya wuyan zangarniya a gonaki masu ɗimbin yawa. Sanyin 1980 ya zo ya ƙara wa Barno dawaki, manoma suka juya mata baya. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

AN GANO TSAGAR GIDANSU

A dā in baƙo ya shigo gari, tsagar fuskarsa a ke duba a san ko Bagobiri ne ko Babarbare, ko da wace riga ya sa. Daga 1989 masana suka sami hanyar duba irin wannan tsaga a zaren gadon fumfunar. Abin da suka gani ya sasanta tsohuwar gardamar nan. Salo dai yana da yawa, amma gidajen da salon ke fitowa kaɗan ne. A Amurka, a 1991, aka iske zuriya 8. A Kolambiya, a 1993, zuriya 6. A Filifin 10, a Turai 5. Kowace zuriya tana sāke hula, amma tsagarta na nan, kuma akwai shinkafar da ta saba ci, akwai wadda ta gagare ta.

A 2005 aka gama karanta zaren gadon fumfunar tun daga farko har ƙarshe, aka ƙidaya ƙwayoyin gado wajen 11,000. Daga nan bincike ya yi sauri. Wani babban bincike da aka buga a 2022, wanda aka duba samfur 886 daga sassan duniya, ya nuna manyan zuriya huɗu ne suka raba duniya tsakaninsu, ƙananan gidajen nan duk rassansu ne.

Uku daga cikin huɗun nan ba su aure. Yaɗuwarsu irin ta rogo ce ko rake, a yanki jikin uwa a dasa, ɗa ya fito sak uwarsa. Ta huɗun ita ce mai aure, kamar masara da ke karɓar bununin maƙwabciyarta, 'ya'ya su ɗauko rabi nan rabi can. Cibiyar wannan tana kudu maso gabashin Asiya, wajen lardin Yunnan na ƙasar Sin da gindin duwatsun Himalaya, inda masana ke ganin can ne asalin cutar. Suna kuma ganin daga wata 'yar ƙaramar hatsi dangin gero ta yi tsalle ta koma kan shinkafa tun zamanin dā.

Wadda ke Afirka, bincike ya nuna daga Asiya kakanninta suka zo, yaɗuwar rogo kuwa ta ke yi. Wannan sauƙi ne daga Allah, gama marar aure sai dai ta yar da hula ɗaya ɗaya, mai aure kuwa tana iya haɗa makaman gida biyu a jikin ɗa guda. Amma akwai abin lura. Iska ba ta kai 'ya'yan fumfunar nan nesa ƙwarai, galibi daga gona zuwa gona ne. Abin da ke ƙetare teku da ita shi ne iri, cikin buhu, a bayan mota ko cikin jirgi. Watau baƙuwar zuriya ba ta zuwa da ƙafarta, sai an ɗauko ta.

Alkama ta ba da shaida. Wata 'yar'uwar fumfunar nan, mai cin alkama, ta ɓulla a jihar Parana ta ƙasar Barazil a 1985. Shekara 30 tana Amurka ta Kudu. A 2016 sai ga ta a Bangaladash, ta kama hekta wajen 15,000, har aka sa wa waɗansu gonaki wuta. A 2018 aka gan ta a Zambiya. Da aka duba tsagarsu, ta Bangaladash da ta Zambiya duk 'yan gida ɗaya ne daga Amurka ta Kudu. Manoman alkama na Kadawa da Haɗeja ya kamata su riƙe wannan labari.

SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI

An gano ƙwayoyin tsaro fiye da 100 a jikin shinkafa iri iri. Darasin da masu kyautata iri suka koya shi ne kada a dogara ga guda, kome ƙarfinsa. A Kolambiya aka zaɓi wani wuri, Santa Rosa, inda zuriyar cutar duka ke taruwa, aka riƙa gwada sabon iri a can, wanda ya tsira shi ne gwani. Ta haka aka fito da Oryzica Llanos 5 a 1989, mai tsaron iyaye da dama, ta yi fiye da shekara 10 cutar ba ta karya ta ba.

Afirka ta Yamma ma tana da abin alfahari a nan. Akwai wata tsohuwar shinkafar tudu ta ƙasar Gini, Moroberekan, wadda manoma suka daɗe suna shukawa cutar ba ta ci ƙarfinta ba. Masana na duniya sun yi ta bincikenta, suka iske ban da manyan masu tsaro tana da ƙanana da yawa, kowane na rage wa cutar hanzari kaɗan. Tabo ya kan fito, amma ba ya girma, ba ya zubo 'ya'ya da yawa. Irin wannan tsaro ba ya burge ido, amma shi ke daɗewa, gama ba hula guda ɓarawo zai tuɓe ya wuce ba. Haka kuma OS6, wadda a Nijeriya aka sa wa lamba FARO 11, ta yi suna wajen jimiri. Gwada iri a gaban cutar yana cikin aikin cibiyar binciken hatsi ta Badeggi kusa da Bida, da ƙungiyar shinkafa ta Afirka wadda aka kafa a 1971, a ke kiranta AfricaRice tun 2009.

Wata dabarar kuma manoman Hausa sun riga sun san ta, tun da sun saba haɗa gero da dawa da wake a gona guda. A lardin Yunnan, cikin 1998, wani masani mai suna Zhu Youyong ya shawo kan manoma suka shuka layi ɗaya na shinkafa mai danƙo, wadda cutar ke so, tsakanin layi huɗu na wata mai tsaro. Suka yi haka a hekta 812, wajen eka 2,000 ke nan. Shekarar da ta biyo aka kai hekta 3,342. Ƙunar da ke kan mai danƙon ta ragu da kashi 94 cikin 100, amfaninta ya ƙaru da kashi 89 cikin 100, har manoman suka bar fesa magani. Dalili kuwa a fili ya ke: ɗan fumfunar da ya tashi daga wannan layi, galibi a kan wadda ba ya iya ci zai faɗa. A Japan ma, a lardin Niigata, tun 2005 a ke gauraya 'yan'uwan shinkafa guda masu kama ɗaya da ɗanɗano ɗaya, amma sarakunan ƙofarsu dabam, a kan kuma sāke gaurayen lokaci lokaci.

Ko maganin feshi bai tsira daga wannan hali nata ba. A Japan an fito da wani mai suna kasugamaisin a 1965, farkon shekarun 1970 aka sami fumfunar da ba ta jinsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Manomi ya ɗebi iri daga gonar da ba ta yi farin kai ba, ko ya saya inda aka tabbatar da shi, ya kuma wanke shi da maganin iri kafin shuka. Kada ya zuba yuriya gaba ɗaya don ganye ya yi baƙi ya burge masu wucewa, ya raba shi sau biyu ko uku. Mai noman fadama da na rani kada su bar ruwa ya ƙafe a gona, musamman in shinkafa ta ɗauki ciki. Kada a cushe shuka, a bar iska ta ratsa raɓa ta bushe da wuri. Bayan girbi kada a bar tattakar gonar da ta kamu a yashe, gama a cikinta cutar ke yin rani. In za a yi feshi, lokacinsa shi ne gab da fitar kai, bisa shawarar malamin gona, kada kuma a nace wa magani guda shekara da shekaru. In wuya ya riga ya karye, feshi asarar kuɗi ne.

Mutanen gari kuma su yi shawara tsakaninsu. In kowa ya bi iri guda don ya fi tsada a kasuwa, sun shimfiɗa wa cutar tabarma ke nan. Gara wannan ya shuka wani, maƙwabcinsa wani, mai babbar gona ya raba ta biyu ko uku.

Ɗan kasuwa kada ya sayar da shinkafar ci da sunan iri, kada kuma ya shigo da iri daga wata ƙasa ta bayan gida, ba tare da masu binciken tsirrai sun duba ba. Buhu guda na iya kawo zuriyar da za ta tsiyata fadama sukutum, har da masu sayen kayansa. In ya sayar, ya faɗi sunan irin na gaskiya, kada ya yi alkawarin cuta ba za ta taɓa kama shi ba har abada, gama ba irin da ke da wannan.

Akawu da malamin gona kuwa, alƙalaminsu makami ne. Duk inda aka ga irin da aka sani da tsaro ya soma tabo, a rubuta sunansa, da garin, da ranar, a aika wa ofishin gona da ganyen a cikin takarda. Shekara biyun nan da sabon salo ke yi yana taruwa a ɓoye, su ne damar da a ke da ita ta sauya iri kafin ɓarna ta auku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare amfanin gona, amin.